Takun Ƙafar da Baba Bai Ji Ba

A shekarun da nake aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Madina, ni da maigidana muna haya a hawa na biyu na wani gida a unguwar Anbariyya. Mai gidan yana ƙasa da iyalinsa. Dattijo ne ɗan ƙasa, a Madina aka haife shi, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Hausarsa ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Tun ranar da muka tare yake ce mini “ya binti”, wato ’yata, ni kuma ina ce masa Ammi kamar yadda ’yan unguwa suke kiransa. Ya yi rayuwarsa yana yi wa alhazai jagorar ziyara, sai da yanar ido ta rage masa gani ya ajiye aikin.

A lokacin autanmu yana Amurka. Baba ya tura shi karatun injiniyan lantarki, ya kuma yi karatun, ya gama da sakamako mai kyau. Amma maimakon ya dawo gida ko ya nemi aiki a kamfani, sai ya faɗa cikin masu shirya fim. Ba fitowa yake yi ba, ko inuwarsa ba a gani. Aikinsa sauti ne, wato ɗaukar murya da haɗa duk wani motsi da kunne zai ji. Baba kuwa tsohon magatakardan kotu ne, shekara da shekaru yana zaune kusa da alƙali yana rubuta abin da masu ƙara da shaidu suka faɗa. A wurinsa, aiki shi ne wanda za ka faɗa a gaban mutane ba sai ka yi dogon bayani ba. Da labarin ya zo masa bai yi faɗa ba, daina karɓar waya kawai ya yi. In autan ya bugo gida, sai ya miƙa wa Mama ya ɗauki butarsa ya fita.

Don haka ni autan yake kira, kuma ni na san labarin fim ɗin tun ba a gama shi ba.

“Yaya, wannan fa ba irin na manyan kamfanoni ba ne,” in ji shi. “Mu ’yan kaɗan ne, babu wanda ya tsaya mana. Rabin fim ɗin ma a gidan gwaggon mai ba da umarnin muka ɗauka.”

Fim ne na bincike, irin wanda abu yake faruwa tun a farko, a bar mai kallo yana zargin wannan yana zargin wancan har ƙarshe. Gama shi bai ba su wahala kamar fitar da shi ba. Manyan masu rarraba finafinai suka ƙi ko duba shi. Suka kai shi wani taro na masu ƙananan finafinai, aka nuna shi da hantsi a ɗakin da bai cika ba. Allah ya sa a cikin waɗanda suka zauna akwai wata mata mai ɗan ƙaramin kamfani, ta ce ta karɓa. Aka fara nuna shi a wani tsohon gidan sinima, da sharaɗin in mutane ba su zo ba za a cire shi a ƙarshen mako. Autan da abokansa su suka riƙa bin titi suna manna takardun talla da hannunsu. Mutane suka zo. Aka ƙara musu lokaci, aka kai shi wasu garuruwa kaɗan, wata jarida ta yaba, har ta ambaci sautin a layi guda. Sau biyu ya karanta mini layin nan a waya.

“Yaya, ko za ki gaya wa Baba?”

Na ce, “Ba gaya masa zan yi ba. Nuna masa zan yi.”

Ban faɗi haka don in kwantar masa da hankali ba. Na san Baba yana tafe umra, kuma a wurina zai sauka ya yi kwanaki kafin ya wuce Makka. Na kuma san halinsa fiye da duk ’ya’yansa. Ba ya jin roƙo, ba ya jin kuka, amma ba ya iya ganin magana mai ƙulli ya wuce bai tsaya ya warware ta ba.

Babu gidan sinima a ƙasar da muke a wancan zamani, dole muka jira fim ɗin ya fito a kaset. Wani likita ɗan Najeriya da muke aiki tare ya je taro Amurka, shi ya taho mini da shi. Aka riƙe kaset ɗin a filin jirgi don a duba abin da ke ciki, kamar yadda ake yi wa kowane kaset, bayan ’yan kwanaki aka sake shi. Da na sa a bidiyonmu sai hoton ya riƙa birgima sama da ƙasa, babu launi, babu fuskar da za a gane. Babban ɗan Ammi yana da shagon gyaran talabijin kusa da masallacin Anbariyya. Maigidana ya kai masa, ya yi masa bayani da Hausa, shi kuma ya amsa da Larabci kamar yadda ya saba, ya ce kaset ɗin lafiyarsa ƙalau, tsarin Amurka ne ya bambanta da namu. Ya ara mana wata na’ura mai cin kowane irin kaset.

Na kalle shi sau biyu ni kaɗai. Na farko don in san labarin, na biyu da biro da takarda a hannu, ina rubuta wuraren da zan tsallake. Wuri biyu ne kacal, ɗaya a mashaya, ɗaya kuma inda wasu suka manta cewa akwai iyayen mutane a duniya.

Baba ya iso. Kwana biyu bai cika ba suka shaƙu da Ammi. Kowace salla tare suke tafiya Masallacin Annabi, Ammi yana riƙe da gwiwar hannun Baba, yana gaya masa abin da yake a kowace kusurwa kafin a rushe a gina otal. Ranar Laraba da yamma, ina zuba masa shayi, na ce:

“Baba, autanka ya aiko da aikinsa. Gobe ba ni da aiki, bayan azahar za mu kalla.”

“Uwata, ni ziyara na zo.”

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da shi ba.

“Na sani, Baba. Na riga na gayyaci Ammi, ya ce zai hawo.”

Ya dube ni ya daɗe. Ya san ba zai bar dattijon da ke riƙe hannunsa kullum ya hawo bene ya zauna shi kaɗai ba. Ya kurɓi shayinsa.

Washegari bayan mun ci abinci, maigidana ya sauka ya hawo da Ammi, ya zaunar da shi dab da talabijin. Baba ya zauna a gefe, ya ba talabijin ɗin kafaɗa, carbi a hannu, fuskarsa tana kallon taga. Ni na zauna a ƙasa da rimot. Ammi ba ya jin Turanci, Baba kuwa yana ji, amma ya ce na Amurkawa ta hanci suke yin sa. Saboda haka ni ce tafinta: in bari su yi magana, in tsayar, in mayar da Hausa.

Labarin wani tsoho ne mai shagon kayan gini a wani ƙaramin gari mai sanyi. A farkon fim ɗin yana zaune shi kaɗai da safe yana shan shayi. Ba a nuna ƙofa ba, kofinsa kawai aka nuna da hannunsa. Aka ji ƙofa ta buɗe, aka ji wani ya tako ya shigo, tsohon ya ajiye kofin ya ce, “Au, kai ne.” Daga nan ba a sake ganinsa ba. Aka tsinci motarsa a bakin kogi babu kowa a ciki. ’Yarsa ta dawo daga birni tana nemansa, ’yan sanda suka ce mata ƙila faɗawa ruwa ya yi, ita kuma ta ƙi yarda. Ta shiga bin mutanen garin ɗaya bayan ɗaya: abokin cinikinsa, da ɗan sandan garin, da wani tsohon malamin makaranta aminin mahaifinta, wanda kullum yake kawo mata abinci yana ba ta haƙuri.

Da aka zo inda take tambayar abokin cinikin, mutumin ya ce rabonsa da tsohon tun ranar Litinin. Can gaba kaɗan ya ce ai ranar Talata ma ya ga yana tari. Ina cikin fassarawa na ji muryar Baba daga gefe:

“Tsaya. Ba ɗazu ya ce Litinin ba?”

“Haka ya ce, Baba.”

“To ƙarya yake yi. Mayar da shi baya.”

Na mayar. Kafin mutumin ya gama maimaita maganarsa, Baba ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, carbin yana kan cinya. Maigidana ya sunkuyar da kai yana gyara kofuna don kada a ga fuskarsa.

Daga nan Baba ya karɓe zaman. Ya riƙa nuna mana yadda mutumin yake shafa wuya in an yi masa tambaya, yadda yake amsa abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce irinsu nawa ya gani a gaban alƙali. Da muka iso mashayar na danna na wuce da sauri, ya ce, “Me kika tsallake?” Na ce, “Hira ce kawai, Baba.” Ya ce, “A shari’a babu hira kawai.” Amma bai ce in mayar ba.

Ammi kuwa duk tsawon lokacin kansa a karkace yake, idonsa a lumshe. Na ɗauka barci ne ya sace shi. Sai da aka kira la’asar na tsayar da fim ɗin, sannan ya ɗago ya ce:

“Ya Hajji, ba abokin cinikin nan ba ne. Malamin ne, mai kawo abinci.”

Baba ya yi dariya. “Haba Alhaji! Mutumin da ya fi kowa tausayinta?”

“Wallahi shi ne. Yalla, mu je salla.”

Maigidana da ya raka su ya ce tun daga ƙofar gida har masallaci musu suke yi, suka dawo ma suna yi. Baba yana kawo hujja ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da yatsu. Ammi bai kawo ko ɗaya ba, “za ka gani” kawai yake cewa. Ni da na san ƙarshen na ci gaba da fassara kamar ban san komai ba, kuma ban bari muryata ta canza ba ko da malamin ya shigo da kwanon miyarsa.

Ƙarshen ya zo. Abokin cinikin ƙarya yake yi da gaske, amma wata ɓarna ce tasa daban yake ɓoyewa, ba ta da alaƙa da ɓatan tsohon. Malamin ne ya shiga shagon da safiyar nan. Wata tsohuwar magana ce tsakaninsu ta shekaru masu yawa, suka yi sa-in-sa, ya ture amininsa, ya faɗi bai tashi ba. Abincin da yake kai wa yarinyar, don ya san inda bincikenta ya kai ne, don kuma ya kasa zama da abin da ya aikata. Shi da bakinsa ya gaya mata, a zaune a kicin ɗinta.

Baba ya juya ya dubi Ammi.

“Yaya aka yi ka sani? Kai da ko fuskokinsu ba ka gani sosai?”

“Ni da kunne nake kallo, ya Hajji. Wanda ya shigo shagon a farko, takalminsa na ƙafa ɗaya yana kuka, ƙiiƙ, kamar sabuwar fata. Ɗayan ba ya yi. Duk mutanen garin nan sun yi tafiya na saurara, babu mai wannan kukan sai malamin. Sau uku ya shigo da abinci, sau uku na ji shi.”

Ni kaina da na kalla sau biyu ban lura da wannan ba. Na mayar da kaset ɗin farko, na ƙara murya. Ga kofi, ga hannun tsohon, ƙofa ta buɗe. Taku ɗaya shiru, na biyu da ɗan siririn kuka. Na kai gaba inda malamin ya hau matakalar gidan yarinyar. Kukan nan ne dai, ba ƙari ba ragi, a ɓoye ƙarƙashin motsin iska da haushin wani kare daga nesa.

Baba ya sa na maimaita har sau uku. Sannan ya ce, a hankali, “To takalmin ɗan wasan ne yake kuka, suka ci sa’a.”

Nan nake jiransa. Autan ya sha yi mini bayanin aikinsa har na haddace.

“A’a, Baba. Lokacin da ake ɗauka babu wannan kukan. Daga baya ake sa shi. Wani ne ya zauna a ɗaki ya nemo takalmin da zai yi kuka, ya taka shi daidai da takun mutumin, ya auna yadda mai saurare zai ji amma ba zai yi yawa har kowa ya gane ba. Iskar nan ma sa ta aka yi, da karen, da ƙarar kofin. Kuma mutum ɗaya ne ya yi su duka.”

Na kashe muryar gaba ɗaya na bar hoton yana tafiya. Mutane suna buɗe baki, ƙofa tana rufewa, mota tana wucewa, babu abin da yake taɓa zuciya. Na mayar da muryar, garin ya dawo da ransa. Sai na kai kaset ɗin can ƙarshe inda sunaye suke hawa, na tsayar daidai kan nasa. Baba ya ciro tabarau ya matso har gaban gilashin. Sunan autan ne, da sunan Baba a bayansa, an rubuta daidai babu kuskuren harafi. Ya karanta ya koma ya zauna.

Ammi ya lalubo hannunsa ya riƙe. “Ma sha Allah. Ɗanka ya yi mini fim, ya Hajji. Na daɗe ban kalli abu na riga masu ido ba.”

Da za su sauka sallar magariba, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ƙarfe nawa ne yanzu a can.

Wayarmu ta gida ba ta fita ƙasar waje. Ranar Juma’a bayan la’asar, lokacin da gari ya waye a wurinsu, na raka shi kabina, shagon da ake buga waya. Na buga lambar, na ji muryar autan, na ce, “Ga Baba,” na miƙa kafin ya sami damar tsorata. Na fito na ja ƙofar gilashin, amma Baba bai iya magana a hankali a waya ba, duk shagon yana jin sa.

“Kai ne? To. Lafiya lau. Na ga aikin naku.” Ya ɗan saurara. “Ɗan sandan nan naku bai san aikinsa ba. An ga mota a bakin kogi, ba a tambayi wanda ya fara ganinta ba? Ka gaya wa mai rubuta muku labari ya riƙa tambayar waɗanda suka sani.” Ya sake saurarawa. “Takalmin kuwa ka ɓoye shi da kyau. Ni ban ji ba. Wani bawan Allah ne a nan ya ji.” Daga nan muryarsa ta sauka, na daina ji. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce mini yaron ya rame, a murya ya ji.

A hanya muka tsaya ya sayi dabino da zai kai wa Mama, ya yi ta ciniki da mai shagon da ɗan Larabcinsa na makarantar allo har mutumin ya gaji ya sallama.

Fim ɗin bai yi wani dogon zamani ba a can. Ya yi ’yan watanninsa, aka shiga maganar wasu. Amma ta dalilinsa autan ya sami aiki na biyu da na uku, kuma har yau a wannan sana’a yake. Ba zan ce Baba ya so sana’ar ba. In an tambaye shi aikin autansa, cewa yake yi injiniya ne, in aka matsa ya ce injiniyan sauti. Waya dai ya koma karɓa, har Mama ta fara ƙorafin ba ya barin ta ta yi magana.

Ranar da zai wuce Makka, maigidana ya kai mu Bi’ir Ali, inda ake ɗaura harami, a mota. Ammi ya nace sai ya zo. Wurin cike yake da manyan motocin alhazai, direbobi suna ta kiran mutanensu. Baba ya shiga ya yi wanka ya fito cikin harami, ya yi nafila, muka taka da shi zuwa motarsu. Suka rungumi juna da Ammi, kowa yana neman gafarar ɗan’uwansa. Sannan ya juyo wurina.

“Uwata, kaset ɗin nan, a sa ɗan Alhaji ya juya mini shi yadda zai yi a bidiyon gida. Ki ba wani mai tahowa.”

“To, Baba.”

“Akwai abokan aikina biyu da nake so su kalla. Kada ki rubuta komai a jikinsa. Ina so in ga ko su za su ji.”

Direba ya danna ham. Baba ya tattare haraminsa ya hau, ya sami kujera kusa da taga, muka tsaya har motar ta fita ta hau titin Makka.